Keke a Hanyar Burji

A can kudancin Jihar Sakkwato akwai wani gari da ake kira Fakku. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Kebbe, wadda ke maƙwabtaka da ta Tambuwal. Kada a rikita Kebbe da Kebbi. Kebbe gari ne da ƙaramar hukuma a cikin Jihar Sakkwato, Kebbi kuwa jiha ce mai zaman kanta, wadda aka cire daga Sakkwato a shekarar 1991. Ƙasar Kebbe tana tsakanin jihohi biyu, Zamfara daga gabas, Kebbi daga yamma da kudu.

Manyan gulabe biyu ne ke shayar da wannan ƙasa. Gulbin Zamfara ya taho daga wajen Gummi, ya nufi Jega. Gulbin Ka yana can kudu, Fakku ba ta da nisa da shi. Tsakanin gulaben nan ƙasar ba shimfiɗaɗɗiya ba ce sarai. In an hau tudu sai a gangara kwari, in an ƙetare rafi sai a sake tarar da wani tudun. A kan tudu ake noma gero da dawa da gyaɗa da wake. A fadama ake noma shinkafa, da rani kuma a yi lambu.

Babbar hanya mai kwalta ta taso daga birnin Sakkwato, ta bi ta Tambuwal, wajen kilomita 100 daga birnin, ta wuce Jega. Amma kwalta ba ta shiga kowane ƙauye ba. Yawancin hanyoyin da ke haɗa ƙauye da ƙauye, da gona da kasuwa, ko dai na burji ne, ko kuwa turba ce wadda ƙafa ta fitar. A irin waɗannan hanyoyi keke yake aikinsa. Shi ke kai ɗalibi makaranta, ya kai buhun manomi kasuwa, ya je ya sayo wa majinyaci magani. Babura sun yi yawa yanzu, amma keke bai rasa matsayinsa ba, domin ba ya shan mai, ba ya cin ciyawa. Shi ya sa ake masa kirari da dokin ƙarfe.

To, tafiya a hanyar burji ba ɗaya take da tafiya a kwalta ba. A kan kwalta mai ƙarfin ƙafa shi ke riga isa. A kan burji kuwa wanda ya san hanya shi ke isa lafiya, da shi da kayansa.

Mene ne burji?

Burji wata irin jar ƙasa ce mai haɗe da tsakuwa. Ana haƙo ta a wuraren da ke da marmara. Dalilin janta shi ne akwai ƙarfe a cikinta. Shekaru aru-aru ruwan sama yana sauka, rana tana dukan ƙasa, ruwan yana wanke waɗansu abubuwan da ke cikinta yana tafiya da su. Ƙarfen ne ke saura, sai ya yi tsatsa, kamar yadda fartanya ke yi in an bar ta a waje da damina. Launin tsatsan nan shi ake gani a hanya, shi ne kuma ke rina farar rigar matafiyi.

In za a yi hanyar burji, da fari sai a share wurin, a tumɓuke kututture. Sa'an nan a haƙa magudanar ruwa dama da hagu. Motoci su kawo burji su zuba, gireda ta baje shi, tankar ruwa ta yayyafa, rola ta bi ta danne har ya kama jikinsa. Ba a yin hanyar a kwance kamar tabarma. Akan ɗaga tsakiyarta ta yi doro kamar bayan kunkuru, domin in ruwa ya sauka ya gangara gefe, kada ya kwanta. Inda rafi ya gitta sai a sa kwalbati, ruwan ya bi ta ƙarƙashi.

Wani mutumin Sikotlan, John McAdam, wanda aka haifa a 1756 ya rasu a 1836, shi ya yi suna wajen koya wa mutane wannan dabara. Abin da ya nuna shi ne, muddin ƙasar da ke ƙarƙashin hanya ta zauna a bushe, za ta ɗauki kowane irin nauyi. In kuwa ruwa ya shige ta, hanya ta lalace. Saboda haka ruwa, wanda shi ne ran gona, shi ne kuma babban abokin gāban hanya.

A zamanin En'e akwai leburorin hanya, kowace ƙungiya da yankinta. Suna cike ramuka, suna yashe magudanai. A shekarar 1976 aka kafa ƙananan hukumomi a madadin En'e, kula da hanyoyin karkara ya koma hannunsu. Har wa yau mutanen gari sukan fito aikin gayya su gyara inda ya ɓaci, in sun ga jira zai yi tsawo.

Yadda keke ya samu

Keken fari ba shi da feda. Wani Bajamushe, Karl von Drais, shi ya ƙera shi da katako a 1817. Mahayi yakan zauna ne ya riƙa tunkuɗa ƙasa da ƙafafunsa. Bayan 1860 aka sa masa feda a birnin Paris na Faransa. A 1885 wani Baturen Ingila, John Starley, ya fito da keke mai ƙafafu biyu kusan daidai da juna, da sarƙa mai juya ƙafar baya. Shi ne kakan keken da ake hawa yau.

Duk da haka hawansa da wuya, domin tayarsa roba ce zalla, babu iska a ciki. Kowane dutse aka taka sai mahayi ya ji shi har cikin haƙoransa. A 1888 wani likitan dabbobi mai suna John Dunlop, a birnin Belfast, ya yi wa keken ɗansa taya mai iska. Daga nan hawan keke ya zama da daɗi, ya bazu cikin duniya.

Da keke ya iso ƙasar Hausa, basukur aka fara kiransa. Wanda ya fi suna shi ne Raleigh, na birnin Nottingham a Ingila, har daga baya aka yi masana'antar haɗa shi a Kano. Sa'an nan aka shigo da Phoenix daga ƙasar Sin, da Hero da Avon daga Indiya. Dukansu ƙira ɗaya ce: baƙin keke mai nauyi, mai manyan ƙafafu, da birkin ƙarfe, da kariya a baya.

Ga dalilin da ya sa keke ya fi ƙafa sauri. Ƙafar babban keke inci 28 ce, in ta juya sau ɗaya ta ci ƙasa fiye da mita 2. A wajen feda akwai babban faranti mai haƙora, a ƙafar baya akwai ƙarami, sarƙa ta haɗa su. A ce babban yana da haƙora 44, ƙaramin yana da 18. In mahayi ya juya feda sau ɗaya, ƙafar baya za ta juya kusan sau biyu da rabi. Watau ya ci fiye da mita 5 ke nan, alhali taku ɗaya na mai tafiya ƙasa bai kai mita guda ba. Mai tafiya ƙasa yakan yi wajen kilomita 5 cikin sa'a guda. Mai keke a kan burji mai kyau yakan ninka wannan sau biyu ko sau uku, ba tare da ya jigata ba.

Hawa da gangara

A ce wani manomi ya ɗaura buhu a kariya, ya fito daga ƙauyensu da asuba zai tafi kasuwa. Tun kafin ya hau, aikin fari shi ne ɗaurin kaya. Zai daidaita buhun a tsakiya, kada ya rinjaya gefe guda. Zai ɗaure shi tam da roba, irin wadda ake yankowa daga tsohon tub. Kayan da ya yi tsawo sama, ko wanda ke rawa, shi ke ka da mutum a kwana.

Da ya fara tafiya sai ya tarar da tudu. Wanda bai sani ba yakan taka da ƙarfi tun daga gindin tudun, kafin ya kai rabi numfashinsa ya ƙare. Masani kuwa a hankali yake takawa, bugu ɗaya bayan ɗaya. Ba ya miƙewa tsaye a kan feda in akwai tsakuwa, domin in ya ɗaga nauyinsa daga sirdi, ƙafar baya sai ta riƙa zamewa. In tudun ya fi ƙarfinsa sai ya sauka ya tura. Babu abin kunya a ciki. Sannu ba ta hana zuwa.

Gangare ya fi tudu daɗi, amma ya fi shi haɗari. Tsakuwar da ba ta kama ƙasa ba tana mirginawa ƙarƙashin taya kamar an zuba wake a kan daɓe. Don haka mai hankali yakan rage gudu tun yana bisa, ba sai ya kai tsakiyar gangaren ba. Yakan fara kama birkin baya, sa'an nan ya taimaka da na gaba kaɗan kaɗan. Wanda ya damƙe birkin gaba shi kaɗai, ƙafar gaba za ta zame, ko kuwa keken ya wuntsila da shi. In kwana na gaba, kafin a shiga kwanar ake kama birki, ba a cikinta ba.

A gindin gangare kuma wani tarko na jira, watau yashi. Me ya kawo shi nan? Ruwan damina ne. Sa'ad da ruwa ke gudu daga tudu yakan kwaso yashi. In ya iso kwari gudunsa ya ragu, sai ya ajiye abin da ya ɗauko. Saboda haka duk inda gangare ya ƙare, mai keke ya sa ran yashi ko da bai hango shi ba. In ya shiga, kada ya murɗa kan keke da ƙarfi, kada kuma ya daina taka feda. Ya mayar da nauyinsa baya, ya miƙe sosai har ya fita. In yashin yana da zurfi, sauka ita ce dabara.

Gargada da ƙaya

Da rani hanyar burji takan yi gargada, watau ta yi kunya-kunya a gicciye, kamar kwanon rufi. Motoci ne ke jawo haka. In ƙasa ta bushe, ƙafar mota mai gudu takan yi ɗan tsalle in ta taka wani abu. Inda ta dira sai ta tura ƙasa gaba kaɗan. Motar da ke biye ta yi haka a wuri ɗaya, har kunyoyin su jeru. Gargada tana kwance kusoshin keke, tana kuma gajiyar da hannu. Masu keke sukan bar tsakiyar hanya su bi gefe, har sawunsu ya fitar da wata 'yar siririyar turba mai santsi. Baƙo ya nemi wannan turba ya bi, domin waɗanda suka san hanyar ne suka zana ta.

A nan ne ake gane amfanin iskar taya. In an cika ta ta yi tauri kamar dutse, keke zai yi ta tsalle, ba zai kama ƙasa ba. In kuma iskar ta yi kaɗan, da an taka dutse sai ƙarfen ƙafar ya matse tub ya huda shi. Abin da ake so shi ne tsaka-tsaki. Mai ɗaukar kaya ya ƙara wa ta baya iska fiye da ta gaba, domin ita ke ɗauke da nauyin.

Gefen hanya kuwa yana da nasa sharri, watau ƙaya. Akwai ta aduwa, da ta bagaruwa, da 'ya'yan tsidau masu yaɗuwa a ƙasa. A cikin gari in taya ta sace, sai a tura wurin mai faci. A daji babu mai faci sai mai keken kansa. Don haka matafiyi na gari ba ya rabuwa da famfo, da sholisho, da guntun tsohon tub, da sifana.

Yin faci ba wuya. A fitar da tub, a hura shi, a tsoma cikin ruwa. Inda kumfa ke fitowa nan ne hujin. In babu ruwa sai a kara tub ɗin kusa da kunci, za a ji iskar. A goge wurin ya bushe, a kankare shi ya yi kaushi, a shafa sholisho a tub da kuma facin. Sa'an nan a dakata har ya sha iska ya yi danƙo, kana a manna a danne. Saura abu guda wanda masu gaggawa ke mantawa: a shafa cikin tayar da yatsa a hankali a nemo ƙayar a cire. In an bar ta, ba za a yi nisa ba za ta sake hudawa.

Kowane lokaci da halinsa

Da hunturu ƙura ce ke damun keke. In ta haɗu da man da ke jikin sarƙa sai ta zama kamar dutsen niƙa, ta riƙa cin haƙoran faranti. Maganinta a goge sarƙa da tsumma tukuna, sa'an nan a ɗiga mai kaɗan, a sake goge wanda ya yi yawa. In mota ta wuce ta ta da ƙura, mai keke ya tsaya a gefe har ta lafa, domin direban da ke biye ba ya ganinsa.

Da bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafin ƙasar Sakkwato yakan wuce digiri 40. Matafiyi ya yi sammako, ya riƙe ruwan sha. In rana ta take, ya nemi inuwar tsamiya ko ta ɗorawa ya huta.

Damina ita ce ta fi bukatar hankali. Jar laka takan cushe tsakanin taya da madigadi har ƙafar ta ƙi juyawa, sai an sa tsinke an ƙwaƙule. Birki in ya jiƙe ba ya kamawa da wuri. Gero da dawa sukan yi tsawo su rufe kwana, ba a ganin mai zuwa, sai a kaɗa ƙararrawa tun daga nesa.

Mafi haɗari duka shi ne rafi. Wanda aka ƙetare da safe babu ko ɗigon ruwa, da la'asar yana iya cika ya tumbatsa, ko da ba a yi ruwa a wurin ba, domin an yi shi a can sama. Ruwa mai gudu, in ya kai gwiwa, yana iya ka da babban mutum, balle yaro mai riƙe da keke. Ba a kuma ganin abin da ya yi wa hanyar a ƙarƙashi, wataƙila ya cinye bakin kwalbati. Irin wannan ruwa bai cika daɗewa ba yake janyewa. A zauna a jira. Gara a makara da a rasa rai. In gulbi ne za a ƙetare da jirgin fito, a bi maganar mai jirgi, kada a shiga wanda ya riga ya cika.

Ladabin hanya

Hanya ba ta mutum ɗaya ba ce. Tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, hannun dama ake bi a Nijeriya, mai keke ma haka. In ya tarar da garken shanu suna ƙetarewa a burtali, ya tsaya su wuce, kada ya kutsa tsakiyarsu. In ya iso ƙauye ya rage gudu saboda ƙananan yara da awaki. In ya riski dattijo a ƙasa ya gaishe shi. In ya ga wani ya tsaya da keke a hannu, ya tambaye shi ko famfo yake nema, domin gobe shi ma yana iya nema.

Kafin doguwar tafiya, yaro ya gaya wa iyayensa inda za shi da hanyar da zai bi. Ya tambayi waɗanda suka fito can labarin lafiyar hanya. Ya tafi tare da abokan tafiya, ya komo kafin duhu. In an ce gajeruwar hanya ba lafiya, ya bi doguwar. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

A waɗansu ƙasashe

Abin mamaki, a ƙasashen da kwalta ta wadata, mutane da yawa yanzu gudunta suke yi, suna neman hanyar tsakuwa don sha'awa. Har an ƙera mata keke na musamman, mara nauyi, mai faffaɗar taya da giya da yawa don hawan tudu. A garin Emporia na Jihar Kansas a Amurka, tun 2006 ake yin tseren mil 200, watau wajen kilomita 320, a kan tsakuwa, cikin ƙasa mai tudu da gangare. A Kenya ma ana yin irinsa a yankin Masai Mara. A 2022 aka yi gasar duniya ta farko ta wannan tsere a Italiya. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma, a 2018, ta keɓe ranar 3 ga Yuni ta zama Ranar Keke ta Duniya.

Waɗannan 'yan tsere kekunansu sun fi na manomin Fakku tsada nesa ba kusa ba. Amma darasin da suke koyo shi ne wanda ya riga ya sani: yawan iskar da ta dace da taya, inda yashi ke kwanciya, lokacin kama birki, da yadda ake faci a daji. Su don kyauta suke yi. Shi kuwa buhun da ke bayansa abincin gidansa ne da kuɗin littafin 'ya'yansa, in ya faɗi a rafi wahalar damina guda ta tafi. Yaron da ya koyi duban hanya tun yana ƙarami, ya san dalilin kowane abin da ya gani a kanta, shi ne za a amince a ba shi keke a aike shi, a kuma tabbata zai komo.

Tambayoyi

1. Waɗanne gulabe biyu ne ke shayar da ƙasar Kebbe?
2. Me ya sa burji yake ja?
3. Don me ake ɗaga tsakiyar hanya ta yi doro?
4. Wa ya yi taya mai iska a 1888, kuma don wa ya yi ta?
5. Me ke tara yashi a gindin gangare?
6. In mai keke yana yin kilomita 12 cikin sa'a guda, sa'a nawa zai yi kafin ya ci kilomita 30?
7. Me ya kamata matafiyi ya yi in ya tarar rafi ya kawo ruwa?